Shanyewar Ɓarin Jiki: Rawar da Makarɓan Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Suke Takawa Wajen Ɓarna da Wajen Samun Sauƙi



1. Gabatarwa

Na tabbata akwai waɗanda tun da suka ga sanarwar wannan lacca suke tambayar kansu, shin me ya haɗa kifi da kaska? Watau me ya kai malamin Hausa ga zancen ƙwaƙwalwa da cututtukanta? Abin da ya kai ni shi ne magana. Shekarun baya wani dattijo cikin danginmu, mutum mai fasahar zance wanda idan rigima ta tashi a unguwa shi ake kira ya sasanta, ya tashi da asuba, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Aka yi ta yi masa magana yana kallon mutane, yana gane kowa, amma kalma ɗaya ta gagare shi. Mutanen gida suka ce iska ce ta buge shi. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, sai bayan kwana uku aka kai shi asibiti. Ya rayu shekaru bayan haka, ƙafa ta dawo har yana dogara sanda zuwa ƙofar gida, amma hannu bai dawo ba, magana kuwa ba ta wuce gaisuwa ba.

Tun daga lokacin tambayoyi biyu suka tsaya mini a rai. Ta farko, mene ne ya faru a cikin kan wannan bawan Allah a waɗannan kwanaki uku? Ta biyu, ta wace hanya abin da ya dawo ya dawo? Masana sun gano cewa amsoshin tambayoyin nan biyu suna komawa ga abu guda, watau waɗansu 'yan ƙananan ƙofofi da suke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Su ne zan yi bayani a kansu a yau, da Hausa, domin ilmin da bai shiga harshen mutane ba bai shiga gidajensu ba.

2. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa kamar bishiya, da kuma wata doguwar igiya da take aika saƙo ta cikinta. Malamin nan na Sifen, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, shi ne ya nuna cewa ƙwayoyin nan ba a manne suke da juna ba. Tsakanin ƙwaya da 'yar'uwarta akwai ɗan rata, wanda faɗinsa kimanin kashi ɗaya cikin 50,000 na milimita ne. Wannan wuri za mu kira shi mahaɗa.

To yaya saƙo yake ƙetare wannan rata? Ƙwayar da take aikawa takan fesa wani sinadari, shi kuma ya haye zuwa ɗaya gefen. Wannan sinadari za mu kira shi ɗan aike. A jikin ƙwayar da ake aika wa akwai wani abu da aka ƙera daidai da siffar ɗan aiken, kamar yadda kwaɗo yake daidai da ɗan makullinsa. Da ɗan aike ya sauka a kansa sai ƙofa ta buɗe, ko kuma a isar da labari can cikin ƙwayar. Wannan abu shi ne makarɓi, jam'insa makarɓai. Wani Baturen Ingila mai suna John Langley ne ya kawo ra'ayin samuwarsa a 1905, tun kafin a sami na'urar da za ta nuna shi.

'Yan aike iri-iri ne, amma biyu ne manya. Na farko sunansa gulutamet, saƙonsa kullum shi ne a tashi a yi aiki. Na biyu ana kiransa GABA, saƙonsa shi ne a dakata. Lafiyar ƙwaƙwalwa ta dogara ne ga daidaito tsakanin waɗannan biyu, kamar mahayin da yake riƙe da linzami yana kuma da ƙaimi a ƙafa. Shi gulutamet ba baƙo ba ne a madafanmu. Shi ne yake ba daddawa da farin magi ɗanɗanonsu, kuma wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano haka a 1908. Sai dai kada kowa ya tsorata da miyarsa: akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda yake tare kusan dukkan gulutamet na abinci, ita ƙwaƙwalwa nata take haɗawa da kanta. Abin tsoro a tukunya shi ne yawan gishiri, kuma za mu dawo kansa.

3. Ƙofofi biyu na gulutamet

Daga cikin makarɓan gulutamet akwai biyu da ya wajaba mu san su, ana kiransu da haruffa, AMPA da NMDA. Makarɓin AMPA ƙaramar ƙofa ce mai saurin buɗewa da rufewa. Idan ta buɗe, sinadarin sodiyam yakan kwarara cikin ƙwaya, wutar lantarkin da take jikinta ta motsa, saƙo ya wuce. Yawancin harkokin yau da kullum, kamar ɗaga hannu da furta kalma, ta wannan ƙofa suke bi.

Makarɓin NMDA kuwa babbar ƙofa ce, kuma tana da mai gadi. A 1984 masana a Faransa da Amurka suka gano cewa akwai ƙwayar maganisiyam da take toshe bakinta kamar dutse. Ko da gulutamet ya zo ya ƙwanƙwasa, ƙofar ba za ta ba da hanya ba sai idan ita ƙwayar jijiyar ta riga ta motsa sosai, sa'an nan dutsen yake gusawa. Idan ya gusa, abin da yake shiga har da kalsiyam. Shi kuwa kalsiyam a wajen ƙwaya ya ninka na cikinta kamar sau 10,000, saboda haka ɗan kaɗan ma idan ya shiga, babban labari ne. Shigarsa takan sa ƙwayar ta ƙara yawan makarɓan AMPA a wannan mahaɗa, watau ta faɗaɗa hanyar domin saƙon gaba ya wuce cikin sauƙi.

Wannan shi ne tushen koyo. Donald Hebb na Kanada ya yi hasashe a 1949 cewa ƙwayoyin da suke yawan aiki tare, alaƙarsu takan ƙarfafa. A 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan zomaye a Oslo, wanda ya nuna haka a zahiri, kuma bayan shekara goma aka tabbatar da cewa makarɓin NMDA ne mabuɗin al'amarin. Yaron da yake maimaita karatu har ya zauna masa, da maƙerin da hannunsa ya san nauyin masaba, duk ta wannan ƙofa suka bi. Ina roƙon ku riƙe wannan batu, domin ƙofar da ilmi yake shiga ta cikinta, ita ce kuma ajalin ƙwaya yake shiga ta cikinta.

4. Abin da yake faruwa idan jini ya yanke

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya da take shayar da ƙwaƙwalwa, ko kuwa jijiyar ta fashe jini ya malala. Tun 1658 wani likitan Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya nuna cewa zubar jini a cikin kai na haddasa wannan cuta. Bayaninmu na yau ya fi shafar irin na toshewa, wanda shi ya fi yawa.

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki yake amfani da ita, ga shi kuma ba ta da rumbun ajiya. Mafi yawan wannan ƙarfi yana tafiya ne wajen juya waɗansu 'yan famfuna da suke kwashe sodiyam da kalsiyam suna fitarwa waje dare da rana, kamar mai kwarfe ruwa daga kwalekwale. Idan jini ya yanke, cikin 'yan mintoci famfunan nan sukan tsaya. Daga nan sai abubuwa su bi juna kamar haka.

Da farko wutar jikin ƙwayoyin takan rikice, sai su yi ta zubar da gulutamet ba bisa ƙa'ida ba. A lokacin lafiya akwai waɗansu ƙwayoyi masu siffar tauraro da aikinsu shi ne share gulutamet daga mahaɗa da zarar ya gama isar da saƙo. Su ma da ƙarfi suke aiki, saboda haka sharar takan tsaya, har ma hanyoyin kwashewar su juya su riƙa amayar da shi waje. Gulutamet ya taru, makarɓan AMPA suka buɗe suka ƙi rufewa, dutsen maganisiyam ya gusa, ƙofar NMDA ta wangale. Sodiyam ya shiga ya ja ruwa, ƙwaya ta kumbura. Kalsiyam ya shiga ba iyaka, ya ta da sinadaran da suke yayyanka ginshiƙan ƙwaya, ya lalata 'yan murahun da take samun ƙarfi daga gare su, ya kuma haddasa waɗansu gurɓatattun sinadarai masu cin jikin ƙwaya kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe. Ƙwayar da ta mutu takan fashe ta zubar da nata gulutamet a kan maƙwabta, su ma su kama hanya.

Ba a rana ɗaya aka gano wannan ba. A 1957 Lucas da Newhouse a Landan suka lura cewa gulutamet yana kashe ƙwayoyin jijiya na idon ɓeraye. A 1969 John Olney na Amurka ya nuna irin wannan ɓarna a cikin ƙwaƙwalwa, kuma shi ya raɗa wa al'amarin suna, wanda ma'anarsa ita ce gubar zaburarwa. A 1984 aka auna hauhawar gulutamet a kan ɓerayen da aka tsayar wa jini a Kofanhegan, a wannan shekara kuma Brian Meldrum da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa toshe makarɓin NMDA yana kare ƙwayoyin. Bahaushe ya ce kowane allazi da nasa amanu. Ɗan aiken da ƙwaƙwalwa ba ta iya aiki sai da shi, shi ne idan ya yi yawa yake hallaka ta.

5. Cibiyar ɓarna da yankin yaushi

Duk wanda ya san noman rani zai fahimci wannan sashe. Idan magudanar ruwa ta toshe, fangalin da ya dogara gare ta kaɗai yakan ƙone nan da nan. Amma fangulan gefe, waɗanda suke samun ɗan tsatsafi daga magudanar maƙwabci, sukan yi yaushi ne kawai. Idan aka buɗe ruwa da wuri su farfaɗo, idan aka yi jinkiri su bi na farko.

Haka abin yake a ƙwaƙwalwa. A lokacin lafiya kowane giram 100 yana samun jini kimanin mililita 50 a minti. Idan ya sauka ƙasa da 20, ƙwayoyi sukan yi shiru, su daina aiki amma da ransu. Idan ya sauka ƙasa da 10, sai mutuwa. Astrup da Siesjö da Symon ne suka fayyace wannan a 1981. Wurin da ya mutu za mu kira shi cibiyar ɓarna, wanda ya yi shiru kuwa yankin yaushi. Daga cibiya waɗansu igiyoyin rikicewar lantarki sukan riƙa tasowa suna ratsa yankin yaushi, suna tafiyar milimita 2 zuwa 5 a minti, kuma makarɓan NMDA suna da hannu wajen yaɗa su. Kowace igiya da ta wuce takan tilasta wa ƙwayoyi masu jin yunwa su kashe ɗan ƙarfin da ya rage musu, da haka cibiya take cinye gefe sannu a hankali.

Likitan nan na Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan 1.9 a kowane minti da ya wuce ba magani. Jama'a, ku auna wannan da kwana uku na dattijon da na ba ku labari.

6. Me ya sa maganin toshe ƙofa bai yi aiki ba?

Mai sauraro zai ce, to ai magani ya samu, sai a toshe ƙofar NMDA. Haka masana suka zata. Kamfanonin magunguna suka zuba dukiya, aka haɗa magunguna irin su selfotel da aptiganel, waɗanda suka yi abin mamaki a jikin ɓeraye. Da aka gwada su a kan mutane a shekarun 1990, ba wanda ya yi amfani. Waɗansu marasa lafiya suka riƙa ruɗewa suna gane-gane, gwajin selfotel ma dakatar da shi aka yi saboda alamun mace-mace sun fi yawa cikin waɗanda aka ba. An kuma gwada maganisiyam kansa, ana ɗura wa mutane 1,700 shi ko ruwan kwatanci tun a cikin motar asibiti a Kalifoniya, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna wani bambanci ba. Wani nazari na 2006 ya ƙirga magunguna 1,026 da aka gwada a ɗakunan bincike, 114 daga ciki suka kai ga mutane, amma ba a sami ko ɗaya mai kare ƙwayoyin jijiya da ya tabbata ba.

Dalilan suna da yawa. Ɓeran gwaji matashi ne mai lafiya, kuma ana ba shi magani cikin mintoci, alhali mai shanyewar jiki yawanci dattijo ne mai hawan jini ko ciwon sukari, wanda ya iso bayan sa'o'i, lokacin da ambaliyar gulutamet ta riga ta yi aikinta. Amma babban dalili ya fi wannan zurfi. A 2002 Giles Hardingham da Hilmar Bading suka nuna cewa makarɓan NMDA ba saƙo ɗaya suke isarwa ba. Waɗanda suke zaune a cikin mahaɗa, idan suka buɗe bisa ƙa'ida, umurnin rayuwa suke bayarwa, su sa ƙwaya ta haɗa sinadaran da suke kare ta. Waɗanda suke warwatse a wajen mahaɗa kuwa, waɗanda gulutamet ba ya kai musu sai ya yi ambaliya, su ne suka fi isar da umurnin mutuwa. Maganin da ya toshe duka biyu ya yi kamar sarkin da ya ji labarin ɓarayi, ya sa aka rufe dukkan ƙofofin gari, har da wadda hatsi yake shigowa ta cikinta.

Wannan ya sa aka sauya dabara. Michael Tymianski da abokan aikinsa a Toronto suka ce a bar ƙofa a buɗe, a tsinke igiyar da ta haɗa ta da masu ɓarna a cikin ƙwaya. Maganinsu, nerinetide, an gwada shi a kan mutane 1,105, aka buga sakamako a 2020. A jimlace bai nuna fifiko ba, ko da yake an ga alamar amfani ga waɗanda ba a yi wa allurar narkar da gudan jini ba. Babban gwajin da ya biyo baya domin tabbatar da wannan alama bai tabbatar da ita ba.

Abin da ya tabbata yana ceton yankin yaushi shi ne buɗe magudana. A 1995 aka nuna cewa allurar alteplase tana narkar da gudan jini idan an yi ta cikin sa'a 3, a 2008 aka faɗaɗa lokacin zuwa sa'a 4 da rabi. A 2015 gwaje-gwaje da dama suka tabbatar da amfanin zura siririyar waya ta cikin jijiya a ciro gudan, kuma daga 2018 aka ga cewa waɗansu zaɓaɓɓun marasa lafiya suna amfana da haka har zuwa sa'a 24. Dukkan waɗannan sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna, domin idan jijiya fashewa ta yi, maganin narkar da jini ƙara ɓarna zai yi.

7. Makarɓai a lokacin farfaɗowa

Yanzu mu koma ga tambaya ta biyu. Ƙwayar da ta mutu ta tafi ke nan. To ta yaya ƙafar dattijonmu ta dawo? Kashi na farko na sauƙin yana zuwa ne idan kumburi ya saɓe, ƙwayoyin da suka yi shiru suka farka. Kashi na biyu kuwa koyo ne sabo. Ƙwayoyin da suke gefen tabon sukan fitar da sababbin rassa, su ƙulla sababbin mahaɗai, su ɗauki aikin waɗanda suka mutu. A 1996 Randolph Nudo ya nuna wannan a kan birai. Biran da aka bari ba horo, yankin da yake kula da hannu a ƙwaƙwalwarsu ya ƙara tsukewa. Waɗanda aka sa su yi ta tsintar abinci daga 'yan ramuka da hannun da ya raunana, yankin bai tsuke ba, a waɗansu ma ya faɗaɗa. Kun ga ke nan mun dawo ga ƙofofin AMPA da NMDA. Abin da ya zama guba a sa'o'in farko, shi ake bukata a makonnin da suka biyo baya.

A nan ne GABA yake shigowa. Bayan ɓarna, ƙwaƙwalwa takan ja linzami a kewayen tabon, GABA ya taru ya danne ƙwayoyin wurin. A kwanakin farko wannan kariya ce, amma idan ya daɗe sai ya hana koyo. A 2010 Andrew Clarkson da Thomas Carmichael da abokansu a Los Anjelas suka ba ɓeraye maganin da yake sassauta wannan danniya. Da aka fara shi bayan kwana 3, ɓerayen suka fi saurin samun ƙarfin gaɓoɓinsu. Da aka ba da shi a lokacin da abin ya faru, sai tabon ya ƙara girma. Magani ɗaya, makarɓi ɗaya, bambancin kawai lokaci ne. Ko da yake gwajin irin wannan magani a kan mutane, wanda aka buga a 2020, bai nuna amfani ba, darasin ya zauna. Yana kuma da kyau a sani cewa magungunan barci irin su diyazifam ta makarɓan GABA suke aiki, saboda haka bai kamata a riƙa sayo wa mai jinya su daga kanti ba tare da izinin likita ba.

An gwada waɗansu makarɓan. Maganin fluoxetine, wanda yake ƙara ɗan aiken da ake kira serotonin, ya ba da fata a wani ƙaramin gwaji na mutane 118 a Faransa a 2011, amma da aka gwada shi a kan mutane 3,127 a Birtaniya, sakamakon 2019 ya nuna bai ƙara ƙarfin gaɓoɓi ba, ya rage baƙin ciki, ya kuma ƙara karayar ƙashi. A 2019 ɗin dai aka gano cewa makarɓin CCR5, wanda ƙwayar cutar ƙanjamau take shiga jiki ta cikinsa, yana taka wa farfaɗowa birki, kuma toshe shi ya taimaki ɓeraye.

Abin da yake hannunmu tabbatacce shi ne horo. Shi ma yana da lokacinsa. Wani gwaji na mutane 2,104 da aka buga a 2015 ya nuna cewa matsa wa mai jinya da yawan tashi da tafiya cikin sa'a 24 na farko yana rage samun sauƙi. Wani kuma na 2021 ya nuna cewa ƙarin sa'o'i 20 na horon hannu sun fi amfani idan aka yi su a wata na biyu zuwa na uku. Watannin nan uku na farko su ne damina. Ana samun ci gaba bayansu, amma da wahala ya kai nasu. Tausayin da yake sa a kwantar da mai jinya a ɗaki, a yi masa komai, a hana shi ko ɗaukar cokali, yana cinye masa wannan damina.

8. Magana da harshe

Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan cuta yakan sami matsalar magana, musamman idan ɓarnar tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi yake juya ɓarin dama na jiki. Paul Broca ya bayyana haka a Faris a 1861, Carl Wernicke ya ƙara a kai a 1874. Dawowar magana ma koyo ne, ta waɗannan makarɓai take bi, kuma sai da maimaici. An lura cewa wanda ya kasa furta jimla sau da yawa yana iya rera ta, har aka gina wata hanyar jinya a kan haka a Boston a 1973.

A nan nake kira ga ɗalibanmu na sashen harsuna. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya, karin sauti ne ya raba su. Bincike a kan masu magana da harshen Tailan da na Sin ya nuna cewa ɓarnar ɓangaren hagu tana taɓa iya rarrabe irin wannan kari. Ma'aunin da aka tsara domin mai jin Ingilishi ba zai kama wannan ba, ko da an fassara shi. Tsara ma'auni da darussan horo na Hausa aiki ne da likita ba zai iya shi kaɗai ba, sai da masanin harshe a gefensa.

9. Kammalawa

Wannan cuta tana cikin gidajenmu. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka buga a 2018, ya nuna cewa hawan jini shi ne kan gaba nesa cikin abubuwan da suke jawo ta, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka duba jijiya ce ta fashe musu. Yawan gishiri da ciwon sukari suna cikin jerin, cin ganye kullum kuwa yana cikin abubuwan da suke karewa. Yara masu ciwon sikila su ma suna cikin haɗari, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Kano sun nuna amfanin maganin hydroxyurea wajen kare su.

Saboda haka ga abin da nake so kowa ya tafi da shi gida. Wanda ya haura shekara 40 ya riƙa auna jininsa, wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, domin hawan jini ba ya sallama. Idan ka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ka duba agogo ka riƙe lokacin, ka nufi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin haɗiya takan lalace abin ya faɗa huhu. Kada a ba shi asfirin kafin hoto. Ko da alamun sun wuce cikin mintoci, a je, domin gargaɗi ne. Ku kuma ma'aikata da kuke tsara kasafin kuɗi da tura ma'aikata, ku tuna cewa na'urar hoto mai aiki dare da rana, da motar ɗaukar marasa lafiya, da masu horar da gaɓoɓi da magana a asibitocin ƙananan hukumomi, su ne suke yanke hukuncin ko magidanci zai koma bakin aikinsa ko zai ƙare a kan tabarma.

Mai girma Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.